IR35: Ma'aikaci ne ko ɗan kwangila? Dokar harajin da ta hana masu kamfanin mutum ɗaya sakat a Birtaniya

Mutum ya yi rajistar kamfani. Shi ne darakta, shi ne mai hannun jari, shi kaɗai ne kuma ma'aikacin kamfanin. Kamfanin nan nasa ya ƙulla kwangila da wani banki a Landan, shi kuwa kullum da safe yana ofishin bankin, a kan tebur ɗaya, da kwamfutar banki, manajan banki ne ke gaya masa abin da zai yi, har shekara uku ana haka. To a wajen biyan haraji, wane ne shi? Ɗan kasuwa ne mai sayar wa banki da ƙwarewarsa, ko kuwa ma'aikacin banki ne da aka canza wa tuwo suna?

Dokar da ake kira IR35 an yi ta ne don amsa wannan tambaya, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ana kai ruwa rana a kanta. Duk wanda ke duba tallan aikin kwangila a Birtaniya ya san kafin a je ga maganar kuɗin yini, sai an rubuta ɗaya cikin biyu: aikin yana “cikin IR35” ko yana “wajen IR35”. Injiniyoyin manhaja, likitocin cike gurbi, ma'aikatan jinya, direbobin manyan motoci da masu gabatar da shirye-shiryen talabijin duk ta shafe su, har da 'yan Najeriya da Gana da dama da ke irin waɗannan ayyuka a can. Da yawa suna ɗaukarta wani sabon haraji ne da aka ɗora wa masu zaman kansu. Ba haka ba ne, kuma daga wannan kuskuren fahimta sauran ruɗanin ke farawa.

Me ya sa mutum zai buɗe kamfani don kansa kaɗai?

Dalilin farko shi ne bambancin harajin albashi da na riba. Ma'aikaci a Birtaniya ana cire masa harajin kuɗin shiga tun kafin albashi ya shiga asusunsa, kashi 20 ko 40 ko 45 cikin ɗari gwargwadon abin da yake samu (yankin Scotland na da nasa ma'aunin daban). Ana kuma cire masa kuɗin inshorar ƙasa, wanda da shi ake lissafin fanshon gwamnati da wasu tallafi. Wanda ya ɗauke shi aiki ma yana biyan nasa kason na inshorar, kuma shi ne kaso mafi tsoka: daga Afrilun 2025 ya zama kashi 15 cikin ɗari na duk abin da ya haura fam 5,000 na albashin shekara.

Mu ɗauki albashin fam 60,000 a shekara a kan ƙa'idar 2025. Kamfanin da ya ɗauki ma'aikacin zai biya fam 8,250 na inshora. Shi ma'aikacin za a cire masa kimanin fam 3,200. An tashi da sama da fam 11,000 ke nan, ban da harajin kuɗin shiga.

Wanda ya bi ta kamfaninsa kuwa, bankin zai biya kamfanin kuɗin aiki cif, ba a cire ko kwabo ba. Sai ya yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi, sauran ya kwashe a matsayin rabon riba, ita kuwa riba ba a biyan inshorar ƙasa a kanta. Yana iya raba hannun jari da matarsa, yana iya barin kuɗin a asusun kamfani har shekarar da harajinsa zai yi sauƙi. Gaskiya ne kamfanin zai biya harajin kamfanoni, shi ma zai biya harajin rabon riba, don haka ba duka fam 11,000 ɗin ke zama a aljihunsa ba. Amma a shekarun baya ratar tana da faɗi sosai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya fi cin moriyar tsarin. Bankin ya huta da kason inshora, ya huta da hutun shekara, da kuɗin jinya, da fansho, da kuɗin sallama. Ranar da ya gama da mutum, sai ya ce kwangila ta ƙare. Shi ya sa sau da yawa ba ɗan kwangilar ne ya zaɓi buɗe kamfani ba; dillalan ma'aikata da masu ba da aikin ne ke cewa in babu kamfani babu aiki.

Asalin dokar

A kasafin kuɗin Maris 1999, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, hukumar harajin cikin gida ta wancan zamani, Inland Revenue ko IR a taƙaice, ta fitar da jerin sanarwa ga manema labarai. Ta 35 a jerin ita ce ta yi magana a kan wannan batu, daga nan sunan ya bi dokar. Misalin da gwamnati ta riƙa bugawa shi ne na mutumin da zai ajiye aiki ranar Juma'a, ya dawo ranar Litinin ya zauna a kujerarsa ta jiya yana aikinsa na jiya, amma yanzu da sunan kamfani. Dokar ta fara aiki a Afrilun 2000. 'Yan kwangila sun kafa ƙungiya, wadda yanzu ake kira IPSE, suka kai gwamnati kotu, suka sha kaye a 2001.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: a cire kamfanin daga tsakiya, a ƙaddara mutumin da mai ba shi aiki sun ƙulla yarjejeniya kai tsaye. Da wace irin yarjejeniya za ta kasance? In ta ɗaukar ma'aikaci ce, to a biya haraji da inshora kamar na ma'aikaci, wato yana “cikin IR35”. In ta mai zaman kansa ce, a ƙyale shi, wato yana “wajen IR35”. Ke nan alƙali ba takardar da aka sa wa hannu kawai yake dubawa ba, wata yarjejeniya ce da ba a taɓa rubutawa ba zai zauna ya ƙirƙiro daga takardu da yadda aikin ya gudana a zahiri, sannan ya yanke hukunci a kanta. Duk wahalar dokar daga nan take.

Da wane ma'auni ake aunawa?

Babu wata doka ta majalisa da ta fayyace wane ne ma'aikaci a fannin haraji. Hukunce-hukuncen kotu ake bi, kuma uwarsu ita ce shari'ar kamfanin Ready Mixed Concrete ta 1968, wadda aka yi a kan direban motar kwaɓa siminti da ya mallaki motarsa. Daga ita aka samo abubuwan da ake dubawa har yau.

Na farko, shin dole mutumin ne da kansa zai yi aikin, ko yana da ikon turo wani a madadinsa ya biya shi daga aljihunsa? Ma'aikaci ba ya turo ƙaninsa ofis ranar da ya gaji. Sai dai rubuta wannan sharaɗi a kwangila bai isa ba. In aka tambayi manajan ya ce shi ba zai yarda wani baƙo ya taɓa masa na'urori ba, sharaɗin ya zama ado.

Na biyu, iko. Wa ke faɗin abin da za a yi, da yadda za a yi, da lokaci, da wuri? Telan da ka kai wa yadi shagonsa, ka faɗi ɗinkin da kake so da ranar karɓa, ba ruwanka da ko da dare ya ɗinka ko yaransa ya ba, kuma in ya ɓata yadin shi zai biya. Telan da ke zaune a shagon wani, a kan keken mai shago, yana ɗinka abin da aka miƙo masa daga safe zuwa yamma, ko da ya buga wa kansa kati mai ɗauke da sunan kamfani, kowa ya san yaron shago ne.

Na uku, wajibcin da ya ɗaure ɓangarorin biyu: wannan ya yi aiki, wancan ya biya. An daɗe ana jayayya a kan iyakar wannan sharaɗi, har Kotun Ƙoli ta yi magana a Satumbar 2024 a shari'ar alƙalan wasan ƙwallon ƙafa na wucin gadi da kamfanin PGMOL ke turawa wasanni. Kotun ta ce ko yarjejeniyar wasa ɗaya tak na iya cika wannan sharaɗi da na iko, amma ta mayar da shari'ar ƙasa a duba sauran al'amura. Ma'ana, waɗannan biyun ba su da wuyar cikawa, nauyin ya koma kan mataki na ƙarshe.

Matakin ƙarshen kuwa shi ne a ja da baya a kalli hoton gaba ɗaya. Mutumin nan kasuwancin kansa yake yi? Yana da wasu masu ba shi aiki? Kayan aikin na wa ne? In ya yi kuskure, shi zai gyara a kan kuɗinsa? Ana saka shi a jerin ma'aikata, ana kiransa taron ma'aikata, yana sa hannu a takardar hutun wasu? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yanke hukunci shi kaɗai, kuma babu lissafin maki. Shi ya sa alƙalai biyu za su kalli takarda ɗaya su rabu.

Fitattun da aka gurfanar

Shari'o'in 'yan talabijin ne suka fito da dokar fili. Christa Ackroyd, wadda ta daɗe tana gabatar da labaran yankin Yorkshire a BBC, ta sha kaye a 2018 a kan kuɗi sama da fam 400,000. Kwangilarta ta shekara bakwai ce, kuma BBC na da ikon faɗa mata aikin da za ta yi. Shekara ɗaya bayan haka Lorraine Kelly ta tashar talabijin ta ITV ta yi nasara a kan fam miliyan 1.2, domin kotu ta ga ita ke juya akalar shirinta. Eamonn Holmes, shi ma mai shirin safe a ITV, ya faɗi. Gary Lineker, tsohon ɗan wasan Ingila, hukumar haraji ta HMRC ta nemi fam miliyan 4.9 a wajensa, ya yi nasara a Maris 2023, amma ba a kan ko shi ma'aikaci ne ko a'a ba: kotu ta ce da hannunsa ya ƙulla yarjejeniya da BBC da BT Sport kai tsaye, don haka dokar ba ta hau kansa ba tun farko.

Wadda ta fi nuna halin da ake ciki ita ce Kaye Adams ta rediyon BBC a Scotland. Ta yi nasara a kotun farko a 2019, ta sake yi a ta gaba a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a koma a sake a 2022, ta sake yin nasara a ƙarshen 2023, sai a Janairun 2024 HMRC ta haƙura. Daga fara binciken zuwa ƙarshensa, kusan shekara tara ana abu ɗaya. Waɗannan masu hali ne da za su iya ɗaukar manyan lauyoyi. Ma'aikaciyar jinya da ke cike gurbi a asibiti ba ta da wannan ƙarfin, abin da aka ce mata shi za ta bi.

A 2018 ma wasu masu gabatar da shirye-shirye sun shaida wa kwamitin majalisa cewa BBC ce ta matsa musu su buɗe kamfanonin, daga baya aka bar su da bashin haraji.

2017 da 2021: an sauya mai ɗaukar nauyi

A tsarin farko, ɗan kwangilar ne ke yanke wa kansa hukunci ko yana ciki ko yana waje. Ba sai an faɗa ba, mafi yawa sun ce suna waje. HMRC ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma ne kawai na waɗanda ya kamata su bi dokar ke bin ta, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfinta.

Sai gwamnati ta juya lamarin. Daga Afrilun 2017, a ma'aikatun gwamnati, asibitocin hukumar lafiya ta ƙasa (NHS), jami'o'i da ƙananan hukumomi, mai ba da aikin ne zai tantance matsayin ɗan kwangila. In ya ce yana ciki, wanda ke biyan kamfanin ɗan kwangilar, galibi dillalin ma'aikata, shi zai cire haraji da inshora kafin ya biya, ya kuma biya kason mai ɗaukar aiki. An shirya faɗaɗa wannan zuwa kamfanoni masu zaman kansu a Afrilun 2020, annobar korona ta sa aka ɗaga zuwa Afrilun 2021.

Tun daga lokacin, matsakaici ko babban kamfani dole ya ba ɗan kwangila takardar da ke bayyana matsayinsa da dalilan da aka dogara da su, ya kuma yi hakan da kulawar da ta dace. In ɗan kwangilar bai yarda ba yana iya ƙalubalanta, kamfanin na da kwana 45 ya ba da amsa. Amma ƙorafin wurin wanda ya yanke hukuncin yake komawa, babu wani mai shiga tsakani. Ƙananan kamfanoni an keɓe su. Wanda ke yi wa ƙaramin kamfani aiki har yanzu tsohon tsari yake bi, shi ke tantance kansa, shi ke ɗaukar alhaki.

HMRC ta samar da wata manhajar tambayoyi a intanet mai suna CEST don taimaka wa masu tantancewa, ta kuma ce za ta tsaya a kan sakamakonta muddin bayanan da aka shigar gaskiya ne. Sai dai kusan sau ɗaya cikin biyar manhajar kan ce ta kasa tantancewa. Abin dariya kuma abin takaici, ma'aikatun gwamnati da kansu sun kasa bin dokar daidai. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana a 2022 cewa ma'aikatu da hukumominsu sun biya ko ana bin su fam miliyan 263 saboda kuskuren tantancewa, Ma'aikatar Ayyuka da Fansho kaɗai kusan fam miliyan 88.

Kamfanoni da suka ga haka sai suka zaɓi hanyar da ba ta da haɗari a gare su. Tun a 2019 manyan bankuna irin su Barclays, Lloyds da HSBC suka sanar cewa sun daina hulɗa da masu kamfanin mutum ɗaya. Wasu kuma suka yi wa kowa kuɗin goro, suka ce duk suna ciki, duk da cewa doka ta ce a duba kowane aiki da halinsa.

A ranar 23 ga Satumbar 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da soke sauye-sauyen 2017 da 2021. 'Yan kwangila ba su gama murna ba, gwamnatin Liz Truss ta rikice, Jeremy Hunt ya karɓi kujerar, ranar 17 ga Oktoba ya soke sokewar.

Hujjar kowane ɓangare

Hujjar gwamnati mai sauƙi ce kuma tana da ƙarfi. Mutum biyu suna zaune kusa da juna, aiki ɗaya, manaja ɗaya, bai kamata ɗaya ya biya haraji ƙasa da ɗaya don kawai ya yi rajistar kamfani ba. Asibiti da makaranta da fansho da kuɗin kowa ake yin su.

'Yan kwangila kuma suna cewa ba daidai suke da ma'aikata ba. Ba su da albashin wata mai zuwa, ba su da hutun da ake biya, in sun kwanta ciwo babu kuɗi, su ke biyan akanta da inshorar sana'a, kuma tsakanin kwangila da kwangila suna iya yin watanni a zaune. Ratar harajin ma ta ragu ƙwarai: rabon ribar da ba a cire wa haraji ya sauko daga fam 5,000 a 2016 zuwa fam 500 a 2024, harajin kamfanoni kuma ya kai kashi 25 ga masu riba mai yawa tun 2023.

A ganina gwamnati ta yi gaskiya a kan matsalar, amma ta kauce wa gyaran. Dokar haraji ta san matsayi biyu, ma'aikaci da mai zaman kansa. Dokar ƙwadago ta san uku, akwai na tsakiya, wanda Kotun Ƙoli ta saka direbobin Uber a ciki a 2021. Hukuncin da aka yanke a ɗaya ba ya bin mutum zuwa ɗayan. Saboda haka wanda aka ce yana cikin IR35 zai biya haraji kamar ma'aikaci, amma ba shi da haƙƙin hutu, ko kuɗin jinya, ko kariya daga kora a wajen wanda yake yi wa aikin. Wani kwamitin majalisar dattawan Birtaniya ya faɗi haka ƙarara a 2020, ya kira su ma'aikata marasa haƙƙi. Sauye-sauyen 2017 da 2021 ba su ƙara fayyace iyakar ko da taƙi ɗaya ba; abin da suka yi shi ne ɗauke haɗarin daga wuyan wani zuwa wuyan wani, shi kuma ya tura shi ƙasa ga wanda ba shi da bakin magana. Muddin harajin albashi ya fi na sauran hanyoyin samun kuɗi nauyi da wannan rata, mutane za su ci gaba da neman hanyar fita daga sunan ma'aikaci, masu ɗaukar aiki kuma su ne kan gaba.

Kamfanin lema, da abin dubawa a takardar albashi

Mafi yawan waɗanda aka ce suna ciki ba sa ci gaba da amfani da kamfaninsu. Dillali kan tura su wani kamfani da ake kira kamfanin lema, wanda ke ɗaukar su a matsayin ma'aikatansa a takarda, ya karɓi kuɗin daga dillali, ya cire haraji, ya biya su. A nan mutane ke shan mamaki. An ce wa mutum fam 400 a yini, ya buɗe takardar albashi ya ga an fara cire ladan kamfanin lema, sannan kason inshora na mai ɗaukar aiki, da harajin koyon sana'a na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, da fansho, da kuɗin hutu da aka ware, kafin a zo ga albashinsa, wanda shi ma za a cire wa haraji da inshora. Kuɗin da aka tallata ba albashi ba ne, jimlar abin da dillali ke biyan kamfanin lema ne. Ya kamata mutum ya tambayi wanne ake nufi kafin ya amince, ya kuma bi sawun kuɗin hutunsa, don akwai kamfanonin da ke riƙe shi in ba a nema ba.

Mafi haɗari su ne masu alƙawarin cewa mutum zai tafi gida da kashi 80 ko 85 na kuɗinsa. Yawanci wani ɓangare suke biya a matsayin albashi, sauran su kira shi rance ko wani suna. Irin wannan dabara ce ta jefa dubban mutane cikin bashin da gwamnati ta bi su da shi daga 2019, wasu har suka rasa gidajensu, masu shirya dabarar kuwa suka ɓace. A kasafin Oktoban 2024 gwamnati ta sanar cewa daga Afrilun 2026 dillalan ma'aikata ma za su ɗauki alhakin harajin da kamfanin lema ya ƙi biya.

Wanda ke aiki daga Kano ko Yamai fa?

Matashin da ke zaune a Kano yana rubuta wa kamfanin Birtaniya manhaja ta intanet, ba mazaunin Birtaniya ba ne, aikin ma ba a can yake yin sa ba, galibi IR35 ba ta shafe shi ba, domin ba a bin sa harajin Birtaniya tun asali. Harajinsa na ƙasarsa ne. Duk da haka kamfanin na iya turo masa takardun tantancewa ya cike, don ya kare kansa. Wanda ke zaune a Birtaniya kuma yana yi wa kamfanin da ke wata ƙasa aiki, wanda ba shi da reshe ko ofis a Birtaniya, nauyin tantancewa na wuyansa kamar a tsohon tsari. A Najeriya ma dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, abin da a da sai mutum biyu.